Igiyar Da Ba A Nuna Wa Maza

Shafi na 19

Masu aiko min saƙo wai in sassauta wa mutanen fim, ku daina wahalar da yatsunku, ba zan sassauta ba. Wadda kuma ta ce me ya hana Tsuruko ta ɗauki lauya, ki zo ki nuna mata ƙofar lauyan, matar da ta yi shekara arba'in tana farke cikin kifi a kamfani. Sunan masu fim ɗin ba zan faɗa ba, sun san kansu, kuma na san suna karantawa.

Ba korar ta suka yi daga sinimar ba. Mutanen Tokyo ba sa kora. Rusuna mata suka dinga yi suna ba ta haƙuri, har suka fitar da ita suka hau da ita bene na shida na otal ɗin da ke jikin sinimar, aka rufe ƙofa.

Laifinta ɗaya. Ta taso daga ƙauye da jirgin safe ta zo Sapporo ganin jikarta Nagisa a fim. Tsohon fim ɗin fatalwar nan ne da aka ɗauka a ƙauyenmu shekara sittin da biyar da suka wuce aka sake shi sabo, aka gayyaci mu Ainu, 'yan asalin arewacin ƙasar, mu fara kallo kafin kowa. Tana zaune shiru har aka kai inda fatalwa, wato Nagisa, ta zura hannu cikin riga, ta warware igiya daga ƙugunta, ta shaƙe likita. Kyamara ta matso, igiyar ta cika bango. Nan Tsuruko ta miƙe tsakiyar mutane ta ce a kashe.

Yanzu ga ta tsaye, ta ƙi kujera.

Darakta Horikoshi ya turo mata kofin shayi da hannu biyu.

"Kaka, ki zauna ki sha, sai mu fahimci juna."

"Ni ba kakarka ba ce. Kakar mutum ɗaya ce ni a ɗakin nan, ita ma yau ina sake tunani."

Nagisa na tsaye jikin taga, kwat ɗinta rataye a hannu saboda ɗumin ɗakin. Idonta ya yi ja.

"Kaka, mutum ɗari biyu ne a wurin nan. 'Yan jarida ma suna ciki. Ranar da na fi jira a rayuwata ce kika zo kika yi min ihu."

"Ihu na yi? Ba ki taɓa jin ihuna ba ke nan."

"Na ji. Duk ƙauye ya ji, ranar da na bar ƙofar rumbun kifi a buɗe."

"To yau abin da kika bari a buɗe ya fi kifi."

Namiji na biyu a ɗakin, Sugiura, manajan kamfanin ne, mai furfura da tabarau. Ya miƙo mata katinsa. Ta kalli katin, ba ta karɓa ba.

"Ba na karatu sosai. Aji huɗu na bar makaranta. Ka san dalili? Fim ɗinku na farko."

Ya mayar da katin aljihu a hankali.

Ta juya ga Horikoshi.

"Ina kuka samo igiyar nan?"

Sai fuskarsa ta saki, kamar an tambaye shi abin da ya daɗe yana jira.

"Ai ita ce abin alfaharinmu. A ma'ajiyar tsohon kamfanin muka same ta, cikin akwatin katako. Ita aka yi amfani da ita a fim na farko. Ta asali ce, ba kwaikwayo ba. Mun yi alkawari wannan karon ba za mu yi wa Ainu ƙarya ba ko a zare ɗaya."

"Ka san mece ce?"

"Ɗamara ce ta mata, ta gargajiya."

"Matarka tana da kamfai?"

Sugiura ya yi tari. Nagisa ta ce, "Kaka."

"Ki bar ni. Tambaya na yi. Idan na samu na uwarka a ma'ajiya na rataya shi a bangon sinima, za ka ce na asali ne, ka yi alfahari?"

Horikoshi ya ajiye kofinsa.

"Kuma kamfai ma wasa ne a kan wannan," in ji ta. "Yau ka sa zan faɗi abin da ba a faɗa gaban namiji. Igiyar nan a ƙarƙashin tufa ake ɗaura ta, a jikin fata. Miji yana tsufa da mace ya mutu bai ƙare mata kallo ba. Kowane gidan mata da irin saƙarsa, uwa ta ba 'ya, 'ya ta ba tata. Idan mace ta mutu da ita ake binne ta, don da ita iyayenta mata za su gane ta a can. Wannan sili bakwai ce. Kusa da baƙin ƙyallen da ke bakinta akwai gyara da zaren taru, don wuta ta taɓa lasar wurin. Ƙarya nake?"

Horikoshi ya dubi Sugiura. Sugiura ya dubi tebur.

"Akwai gyaran," in ji Nagisa da ƙaramar murya. "Kullum yana sosa min ciki."

"Ta uwata ce."

Ana jin ƙarar na'urar ɗumama ɗaki.

Horikoshi ne ya fara farfaɗowa. Irin mutanen nan ne da ba a kayar da su, duk inda aka tura su sai sun faɗa a kan murmushi.

"To ai wannan abin mamaki ne mai kyau. Ki duba. Kayan mahaifiyarki, kuma ba baƙuwa ce ta ɗaura ba, jikarki ce ta jini. Ba mu sani ba, amma abin ya koma gida da kansa. Idan mutane suka ji wannan labarin…"

"'Yar ɗana ce."

"Na'am?"

"'Yar ɗana ce, ba 'yar 'yata ba. Igiya uwa take bi. Uwar yarinyar nan Shamo ce irinku, ba Ainu ba, daga Sendai. Ba ta da hurumin ta taɓa ta, balle ta ɗaura. Da ku da ita duk ɗaya ne a wurin igiyar nan."

Ta faɗa ne don ta rufe bakin darakta, amma Nagisa maganar ta sama. Yarinyar ta baro jikin taga.

"Duk ɗaya?"

"Haka abin yake. Ba ni na tsara ba."

"Wato ni ba taku ba ce."

"Ban ce haka ba."

"Kin ce. A Tokyo su ce min ke Ainu ce, girarki ta yi kauri, ba ki dace da matar gida ba, ba ki dace da 'yar ofis ba. Shekara shida ina jin wannan. Na zo gida kuma ki ce ni Shamo ce. To a ina zan tsaya, Kaka? A cikin teku?"

"Da kin tambaye ni kafin ki ɗaura."

"In tambaye ki me? Kin taɓa gaya min akwai wata igiya a duniya? Babana bai san kalma goma na harshenmu ba, ke kika hana. Hoton kakanninki a ƙasan akwatin barguna kika ɓoye shi. Ni a aji na koyi gaisuwar Ainu, wurin wani malami ɗan Osaka. Kin rufe komai kin zauna a kai, yau kuma kina fushi don ban san abin da ke ciki ba."

Tsuruko ta kawar da kai. Gaskiya ce, kuma ba ta saba a faɗa mata gaskiya a gaban baƙi ba.

Sugiura ya ga dama ta samu. Ya buɗe jakarsa ya zaro wani tsohon hoto cikin leda, ya ajiye a tebur da yatsa biyu.

"Ina so a gane abu ɗaya, Tsuruko-san, don kada a fita waje a ce an sata. Ba sata ba ce. Kyauta aka ba kamfanin. Ga shaida."

Hoto ne baƙi da fari. Wani mutum mai hular ma'aikatan fim ya durƙusa, wata yarinya mai gajeren gashi da takalmin roba tana miƙa masa abu a naɗe. A ɗaya hannunta akwai kwalin alewar madara. Tana dariya, haƙorinta ɗaya na gaba a karye.

"Akwai rubutu a baya," in ji shi. "Nagisa-san, karanta mata."

Nagisa ta juya hoton.

"Kyautar wata yarinyar ƙauyen, da yardarta."

"Mun yi wata uku muna neman yarinyar nan," in ji Horikoshi. "Idan tana raye, muna so mu hau da ita dandamali ranar buɗe fim a Tokyo, mu ba ta fure. Ita ce Ainu ta farko da ta ba wannan labari gudummawa. Ko kin san ta?"

Tsuruko ta ja kujerar da ta ƙi ɗazu ta zauna. Ta sa yatsa a baki ta ciro haƙoran robarta na sama, ta ajiye su kusa da hoton.

"Wanda ya karye ɗin shi ya fara fita," ta ce. "Kun same ta. Ina furen?"

Nagisa ta kalli hoton, ta kalli kakarta.

"Kaka…"

"Shekarata goma sha ɗaya. Mutumin nan ya tara mu yara ya ce duk wanda ya kawo tsohon abu daga gida, wanda ba a taɓa gani ba, zai ba shi alewa ya sa shi a fim. Wasu suka kawo cokali, wasu kwano. Ni na ce sai na fi kowa. Uwata tana wanka, ta tura ta ƙarƙashin tabarma. Na zare na ruga."

Ta mayar da haƙoran bakinta.

"Kwana tara tana nema. Ba ta tambayi kowa ba, don ba abin tambaya ba ne gaban ubana. Sai dai in ga ta ɗaga tabarma ta mayar, ta ɗaga ta mayar. Tarin da ke ƙirjinta ya riga ya ci ta, hannunta ba ya iya saƙa. Kafin ƙanƙara ta narke ta mutu. Ina bayan ƙofa tsofaffi suna yi mata wanka, na ji ɗaya ta ce, ƙugunta babu komai, za ta isa can ta yi ta zagaye ba wadda za ta ce tawa ce. Alewar tana aljihuna lokacin. Saura uku. Ban iya ci ba, ban iya zubarwa ba."

"Ba ki taɓa gaya wa kowa ba?"

"Yau ne farko. Kuma ba ta kai ga koya min saƙar ba, don ban isa ba. Ni ma ƙuguna haka yake, shekara saba'in da shida. Ni ce mace ta ƙarshe a gidanmu."

Ta dubi Sugiura.

"Da yardarta, ko? A fim ɗin ma ba su sa ni ba. Abin da ya zo mana shi ne wata 'yar Tokyo da aka shafa wa tawada a baki irin zanen tsofaffinmu, tana cin yara. Washegarin nuna fim ɗin, a makaranta duk inda na bi sai a watse ana cewa ga 'yar fatalwa. Shi ne aji huɗun da na gaya maka."

Nagisa ta rufe baki da hannu. Ta ce bari ta wanke fuska, ta fita da kwat ɗinta a hannu, ƙofar ta rufe kanta.

Horikoshi ya sunkuyar da kai ya daɗe. Da ya ɗago, har da ƙwalla a idonsa, kuma ni na yarda ta gaske ce. Irinsu suna kuka da gaske, abin da ke hannunsu ne dai ba sa saki.

"Abin da aka yi muku zalunci ne. Shi ya sa na sake fim ɗin nan. A na farko babu Ainu ko ɗaya. Ni na ɗauki jikarki a babban matsayi. Na kawo mai koyar da harshe. Fatalwata tana da suna, tana da dalili, an ƙwace musu ƙasa ne. Mutane za su tausaya mata."

"Likitan wane ne?"

"Wane likita?"

"Na cikin fim. Ainu ne?"

"A'a, ai labarin…"

"Ɗan sandan? Malamar makaranta? Yarinyar da ta tsira a ƙarshe aka rungume ta?"

Ya girgiza kai.

"Mutum nawa ne namu a ciki da suka kai ƙarshen fim da rai?"

"Fim ɗin ban tsoro ne, Tsuruko-san."

"Na sani. A da kun shafa wa taku tawada ta zama dodo. Yanzu kun ci gaba, kun je kun ɗauko tamu ta gaske ta zama dodo. Dodon dai mu ne. Abin da ya canza, yanzu har gayyatar mu ake mu zo mu tafa."

"Me kike so mu yi?"

"Biyu. Ku yanke wurin nan daga fim. Ku ba ni igiyar uwata. Zan kalli saƙar in yi tawa ko da yatsun nan za su karye, sannan in kai mata tata kabari."

Sugiura ya gyara tabarau.

"Na farko ba zai yiwu ba. Wurin nan shi ne kan fosta, shi ne a talla, jibi za a buɗe a sinima ɗari uku. Na biyu kuma, kayan tarihin kamfani ne. Yana ɗakin da ke kusa da mu, inda Nagisa-san ta yi shiri ɗazu, yau da yamma za a sa shi cikin gilashi a ƙofar sinima, daga nan ya zaga garuruwa. Amma za mu rubuta sunan mahaifiyarki a ƙasa, da manyan baƙaƙe."

"Maza su tsaya su kalla."

"Jama'a su ilimantu."

"Da sunanta a ƙasa, don kowa ya san ƙugun wa yake kallo."

Horikoshi ya ɗaga hannu.

"Sugiura-san, ko ba komai a kawo ta gani. Ta taɓa. Wannan dai haƙƙinta ne."

Sugiura bai so ba, amma ya tashi. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Nagisa tana dawowa, ya kauce mata. Fuskarta a jiƙe, ta sa kwat ɗin ta ɓalle maɓallansa har wuya. Ba ta koma taga ba. Ta zo ta tsaya jikin kujerar kakarta, kusa sosai.

Tsuruko ba ta kalle ta ba.

"Kin gama kukan, 'yar fim?"

"Na gama, tsohuwar ɓarauniya."

"Bakinki na ubanki."

"Shi kuma na uwarsa."

Sai ga Sugiura ya dawo da sauri, akwatin katako a hannunsa, murfin a buɗe. Ya ajiye shi a tebur. Farin ƙyalle ne kawai a ciki, da shatin inda abu ya daɗe a kwance.

"Babu," ya ce. "Da safe da idona na gan ta."

Ya juya ya mayar da ƙofa ya murɗa makulli, ya zaro waya.

"Ku yi haƙuri, babu mai fita. Zan kira masu gadin otal su duba jakar kowa da jikin kowa. Ka'ida ce."

Idonsa a kan jakar Tsuruko yake, tsohuwar jakar leda mai busasshen kifi da ta kawo wa jikarta tsaraba.

Tsuruko ta ɗauki numfashi za ta wanke shi tas, sai ta ji an kama hannunta ta ƙarƙashin tebur. Nagisa ta ja hannun a hankali, ta cusa shi tsakanin maɓalli biyu na kwat ɗin, ta danna shi a ƙugunta, ƙarƙashin riga, a jikin fata.

Yatsun da kifi ya lanƙwasa suka bi saƙar. Ɗaya, biyu, uku, har bakwai. Suka isa kan gyaran zaren taru suka tsaya.

Yarinyar da ba ta da hurumin taɓawa. Ta ɗaura ta bai-bai ma, ƙullin a gaba. Amma a duk garin Sapporo babu inda ya dace igiyar nan ta kasance sai inda take, inda idon namiji ba ya kaiwa.

Tsuruko ta zare hannunta, ta dafa tebur ta miƙe.

"Ajiye wayarka. Ni na ɗauka."

"Tsuruko-san, ba ki fita daga ɗakin nan ba."

"Na taɓa satar ta sau ɗaya, kuna da hotona. Ku kira 'yan sanda, ni za su tafi da ita. Yarinyar nan ku buɗe mata ƙofa, tana da 'yan jarida a ƙasa."

Sugiura ya tsaya da waya a kunne, yana jiran abin da darakta zai ce.

Horikoshi bai kalli tsohuwar ba. Wata bakwai ya yi yana kallon jikin Nagisa ta cikin kyamara, ya san yadda take tsayuwa idan babu komai a ƙugunta, ya san yadda take tsayuwa idan akwai.

"Nagisa-san," ya ce a hankali, "ɗakin nan da ɗumi. Me ya sa kika ɓalle kwat ɗinki har wuya?"